Ruwa Ke Zaɓen Kayan Su: Tarihin Koma da Ƙugiya da Darasinsa ga Tafkunan Kurfai

Duk wanda ya san ƙasar Kurfai ya san arzikinta gero ne da wake da shanun Azawak. Daga Filinge zuwa Shikal, cibiyar gundumar Kurfai ta Tsakiya, babu kogin da ke gudu rani da damina. Abin da Allah ya hore wa yankin shi ne kwarin Dallol Boso, da rijiyoyinsa marasa zurfi, da tafkunan da damina ke cikawa rani ya shanye. Kifin da ke shiga miya a nan galibi busasshe ne ko banda, wanda ƴan kasuwa ke kawowa daga bakin kogi. Saboda haka mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bakurfaye da tarihin koma da ƙugiya. Ruwansa kuwa babba ne, domin mai ƙaramin tafki ya fi mai babban kogi buƙatar sanin kayan da zai jefa a ciki: kogi yana jure ɓarna shekara da shekaru, tafki kuwa a mako guda ana iya ƙarar da shi. Abin da tarihi ya nuna, a ƙasar Hausa da wajenta, shi ne duk inda su ya daɗe yana ciyar da mutane, yanayin ruwan ne ya tsara kayan aikin, kuma akwai wani mai faɗa a ji da ke cewa yau a shiga, gobe a dakata. Ranar da kaya suka daina bin ruwa suka koma bin ƙarfin aljihun masunci, ranar ce ƙananan ruwaye suka fara mutuwa.

Hujja ta farko tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Dallol Boso tsohon kogi ne da ya ƙafe, wanda a da yake kwaso ruwa daga kwarin Azawak ya gangara kudu har ya zuba a kogin Isa, wato Kwara, kusa da Bumba. A zamanin da Sahara ke da danshi, mutanen da ke zaune a gaɓar irin waɗannan ruwaye masunta ne. A Tamaya Melet da Taferjit, cikin yankin Azawak ɗin nan, masu tonon tarihi sun samo masu na ƙashi masu ƙayoyi a gefe, irin waɗanda in sun shiga jikin kifi ba sa fita. A Gobero, cikin hamadar Tenere, inda ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya faɗa a shekarar 2000, an tarar da irin waɗannan masu tare da ƙugiyoyin ƙashi da ƙasusuwan giwan ruwa, na mutanen da suka rayu a bakin wani tafki fiye da shekara 8,000 da suka wuce. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, a 1987, wani makiyayi mai haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, wanda shekarunsa suka kai wajen 8,000. Mashi mai ƙaya kayan babban kifi ne a ruwan da ido ke gani, kwalekwale kuma kayan ruwa mai faɗi ne. Da ruwan ya janye, kayan suka bi shi, jikokin masu su suka koma kiwo da noma. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar barin mashin. Ruwan da ya haife shi ne ya tafi.

Inda ruwa ya tsaya, sana'ar ta tsaya ta kuma yi rassa. A gaɓar kogin Isa akwai Sorko, waɗanda daular Sanwai ta dogara da jiragensu wajen yaƙi da sufuri, a ƙasar Kabi kuma akwai Sarkawa, waɗanda suka yi ƙarfi tun zamanin Kanta a ƙarni na 16, daga baya suka bazu suna bin kogi har Mali da tafkin Chadi. Wanda ya dubi kayan aikinsu zai ga kowane ɗaya amsa ce ga wani irin ruwa. Zago, babban mashin nan mai igiya, na dorina ne da kada da manyan kifaye a tsakiyar kogi, kuma irin wannan farauta ce Jean Rouch ya ɗauka a fim a wajajen Ayoru a farkon shekarun 1950. Taru na ruwa mai shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ne, inda jama'a za su ja tare. Birgi, wanda ake wurgawa ya buɗe a sama ya rufto, na wurin da babu kututture ko ciyawar da za ta riƙe shi. Mamari, doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, na kifin da ke bin ƙasan ruwa da dare ne, irin su tarwaɗa da ƙurungu. Undurutu da sauran tarkunan saƙa na mashigar fadama ne, inda kifi ke shiga da cikowar ruwa ya fita da janyewarsa. Fatsa kuwa, sanda da zare da ƙugiya ɗaya da tana ko fara, ita ce rabon yaro da tsoho a bakin ƙorama. Masuncin ƙwarai ba ya tambayar wane kaya ya fi; yana tambayar wane ruwa, wane wata, wane kifi.

A dubi homa da gora, kayan da duniya ta sani ta dalilin Argungu. Homa ƴar koma ce da aka ɗaura a lanƙwasasshen itace, ana riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Masunci yana kifa cikinsa a kan ƙaton gora mai baki a sama, yana tafiya da ƙafafu a cikin ruwa, in ya ji motsi ya nutsa ya haɗa homa biyun su rufe kifin a tsakiya, sannan ya ɗago ya jefa shi cikin goran da ke ɗauke da shi. Abu ɗaya ya zama jirgi ya zama ma'aji, kuma a gona ya tsiro. Irin wannan kaya ba ya kama abin da ya wuce faɗin hannuwan mutum, kuma ba ya aiki sai ruwa ya ja baya. Zaren ma daga gona yake: rama, da wani irin wake da ake nomawa don zarensa kawai. Saƙar taru ɗaya aikin watanni ce, ga ruɓewa in ba a shanya ba. A kan wannan iyaka ta kaya aka ɗora iyaka ta sarauta. Sarkin Ruwa ne ke rufe ruwa, shi ke buɗe shi da fashin ruwa, kuma kafin ranar ba mai jefa koma. Bikin Argungu na yau, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016, tsohon tsarin nan ne aka yi wa ado. Kifi mai kilo 75 da aka fitar a 2005, da mai kilo 78 na 2020, sun kai haka ne saboda ana hana su a Matan Fada, ruwan da ake bikin a cikinsa, tsawon shekara.

Abin sha'awa shi ne mutanen da ba su taɓa jin sunan Kabi ba sun isa ga wannan ƙa'ida ta wata hanyar. A ƙasashen sanyi akwai kifin da ake kira tirawut, mai son ƙoramu masu sanyi da tsabta, wanda ke wahala da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20. Shi ya sa a Afirka sai a tsaunuka yake rayuwa, kamar na Kenya inda Turawa suka kai shi a 1905. Abincinsa ƙwari ne da ke faɗowa ko ƙyanƙyashewa a saman ruwa, don haka masunta suka koyi yi masa ƙwaron ƙarya. Tun wajen shekara ta 200 marubucin Rum Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu, da sanda mai ƙafa 6 da zare daidai tsawonta. A Ingila an buga bayanin irin waɗannan ƙwari a 1496, littafin Izaak Walton ya fito a 1653, kuma ƙarnuka da dama da gashin wutsiyar doki ake murɗa zaren. Har yau, mai shirin shiga ƙaramar ƙorama yakan ajiye doguwar sandar babban kogi ya ɗauki gajera, mita 2 zuwa 2 da rabi, saboda rassan da suka rufe ruwan. Yakan zaɓi zare mara nauyi, lamba 3 ko 4, don kada faɗuwarsa ta firgita kifin, ya sa siririn tsinke mai kama da ruwa a ƙarshe, sannan ya duba irin ƙwaron da ke tashi a ranar kafin ya ɗaura nasa. Ƙorama ce ta faɗi tsawon sanda, ƙwaro ya faɗi girman ƙugiya.

Za a ce wannan wasan ƙoshi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Kogunan Test da Itchen na kudancin Ingila, inda Frederic Halford ya kafa dokokin wannan fatsa da littafinsa na 1886, ruwayen masu hali ne, ana biyan kuɗi mai yawa kafin a tsaya a gaɓarsu, kuma da yawa daga masu yin ta a yau sukan saki kifin bayan sun kama. Magidancin da ke neman na cefane ba zai yi haka ba, ba kuma wanda ya isa ya ce ya yi. Sai dai ƙa'idar ta girmi masu kuɗin. A tsaunukan Japan, talakawa masu neman abinci ne suka ƙirƙiro fatsar tenkara, sanda da zare da ƙwaron ƙarya kawai, suna kama kifin ƙorama suna sayarwa a masaukan baƙi. Sun zaɓi ƙaramin kaya ne domin shi ya fi kawo kifi a ƙaramin ruwa, kuma domin gobe ma a wannan ƙoramar za su ci. Abin ɗauka daga mai fatsar tirawut shi ne tambayar da yake yi kafin ya sayi komai, wadda ita ce dai tambayar Basarke: ruwan nawa ne, me ke cikinsa, me zai iya ɗauka? Sandarsa mai tsada kuwa ya riƙe abarsa.

Abin da ya raba kaya da ruwa shi ne zaren nailan. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1935, a kamfanin DuPont, kuma daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin 1960 ya mamaye kogin Isa da tafkin Chadi. Ba za a yi masa butulci ba: ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kifi ba ya ganinsa sosai, ya kuma hutar da masunta daga saƙar da ke cinye rabin shekararsu. Kamu ya ƙaru, banda ta cika kasuwanni har kudancin Najeriya. Amma kalli, komar nan da ake shimfiɗawa a bari ta kwana, ya zama abin da kowa ke saya da awo a kasuwa, manomi ne ko baƙo, ko ya san ruwan ko bai sani ba. Masunta na auna idon koma da yatsu, kuma tarihin shekarun nan ana iya karanta shi a hannu: daga mai yatsa huɗu aka sauko uku, aka sauko biyu, saboda duk lokacin da manya suka ƙare sai a matse ido a kama na ƙasa da su. Sannan gurar Mali ta zo, aka riƙa jera ɗaruruwanta a tare mashigar ruwa baki ɗaya, abin da ake kira dumba a tafkin Chadi. A ƙarshe aka kai ga gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ana jan sa a tafki yana kwashe har ƴaƴan da ba su kai ɗan yatsa ba. A daidai wannan lokaci ikon rufe ruwa ya tashi daga hannun sarakunan ruwa ya koma takardar izini ta ma'aikatan gandun daji, waɗanda ba su da yawan da za su tsare kowane tafki.

Wani zai ce ana yi wa mutanen da kwalliya ne kawai, ai rashi ne ya sa kayansu suka zama ƙanana, da sun sami nailan da sun yi abin da muke yi. Zai ƙara da cewa su ma suna daka magimfa su zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Duka biyun gaskiya ne. Mutanen da ba waliyyai ba ne, kuma iyakar da rama ta sa musu ba su suka zaɓe ta ba. To amma wannan ƙarfafa maganar yake yi. Idan masu kayan da ke ruɓewa, waɗanda ko sun so ba za su iya ƙarar da kogi ba, sun ga wajibi ne su naɗa mai rufe ruwa su kuma hukunta mai satar shiga, ina ga masu kayan da ba ya ruɓewa? Magimfa ma ganye ne da ƙarfinsa ke gushewa cikin ɗan lokaci, ana kuma zuba shi a kududdufin da ya yanke daga kogi. Gamalin da wasu suka maye gurbinsa da shi maganin ƙwari ne da ke daɗewa a laka, ya kashe kifi da kwaɗo, ya shiga cikin dabbar da ta sha da mutumin da ya ci. Iyakar da kaya suka daina sa wa mutum, dole doka ta sa masa ita.

Hujja mafi nauyi a kan wannan ra'ayi ita ce ta masu cewa fari da madatsun ruwa ne suka kashe su, koma ba ta da laifi. Farin 1973 da na 1984 ba a manta da su ba a Kurfai, kuma a watan Yuni na 1985 kogin Isa ya tsaya cak a Yamai. Tafkin Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai cikin shekara 20. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta rage ambaliyar da ke cika fadamun kogin Sakkwato, inda kifi ke hayayyafa, kuma a 2006 ƙarancin ruwa ya hana su a bikin Argungu kansa. Ba mai musun cewa yawan kifi yana bin yawan ambaliya. Sai dai idan ruwa ya ragu, kifin da ya saura yana taruwa ne a ƴan wurare kaɗan, inda kama shi ya fi sauƙi, kuma daga wannan ragowar ne iri zai fito in damina ta gyaru. Ƙanƙancewar ruwa dalili ce ta rage kaya, mu kuwa sai muka ƙara. An kuma ga inda gyara ya yiwu: a tafkin Kainji, wanda madatsar 1968 ta haifar, da tarun dala mai idon gidan sauro ya addabi ƙananan kifaye, sai da hukuma ta haɗa kai da sarakuna da shugabannin masunta a ƙarshen shekarun 1990 kafin hanin ya kama ƙasa. Nijar ma ta kafa dokar su a watan Disamba na 1998, wadda ta haramta guba da nakiya. Rubutun yana nan. Mai tsaron bakin ruwa ne ya yi ƙaranci.

Saura tambayar da ta fi kusa da Kurfai: tafkin da zai ƙafe kafin bazara, me za a bar masa? Ai in ba a kwashe ba, tsuntsaye ne za su ci. Nan ma tsohon tsari yana da amsa, domin bai taɓa cewa kada a kwashe ba, cewa ya yi a jira lokaci. Tarwaɗa tana zuba ƙwai da ruwan farko, tana da saurin girma, tana kuma shaƙar iska, shi ya sa take jure ruwan da ya yi kauri. Uwar karfasa a baki take rainon ƙwanta, don haka wanda ya kama ta a lokacin ya kashe ɗaruruwa a jefa ɗaya. Gaiwa kuwa takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina ta yi barci har wata damina, sai dai in an bi ta da fartanya. Kifin da aka ja da gidan sauro a watan Agusta bai fi a soya a cinye a tsaye ba. Shi ɗin dai, in an bar shi zuwa sanyi, abin kai wa kasuwa ne. Saboda haka tafki iri biyu ne, hukuncinsu ma biyu. Mai ƙafewa a rufe shi tun cikarsa, a buɗe shi rana ɗaya ga kowa idan ya ja baya, da homa da hannu da kwando. Mai kwana da ruwa, irin na Tabalak a jihar Tawa ko Madarunfa a jihar Maraɗi, ko duk wanda aka zuba wa irin kifi, a bar shi ga ƙugiya da koma mai faɗin ido, a kuma tsame hannu daga gare shi lokacin hayayyafa.

Wannan ba kira ba ne a koma ga rama da ƙashi. Nailan ya zo ke nan, kuma ba mai hankalin da zai ce talaka ya yar da abin da ya sauƙaƙa masa aiki. Abin da tarihin shekara 8,000 ya tabbatar shi ne kaya mafi kyau shi ne wanda ya dace da ruwan da ke gabanka, kuma dacewar ba ta ɗorewa sai da wanda jama'a suka yarda ya ce a'a. Ƙasar Kurfai ba ta gaji sarautar ruwa irin ta Kabi ba, amma tana da masu gari da limamai, kuma mutanenta sun daɗe da sanin ranar sakin dabbobi cikin gonaki bayan girbi, da tarar wanda ya riga ranar. Duk garin da ke da tafki ya zauna tun kafin ruwan farko ya tsai da abu uku: ranar buɗewa, faɗin idon koma, da wanda zai tsare. Gidan sauro kuma a mayar da shi kan gadon yara.